Hoton 'Yar Giɓi

Yayana mai hoto ne, ni kuma tela. Shago ɗaya muka raba biyu da katako, katakon ma bai kai rufi ba, don haka duk abin da aka faɗa a ɓangarensa a kunnena, duk tsakin da na ja a nawa a kunnensa. Idan aka tambaye ni wane irin mutum ne, nakan ce mutumin kirki ne mai taurin kan tsiya, kuma har yau na kasa tantance wanne ya rinjaya.

Ɓangarensa ba wani abin a zo a gani ba ne. Labule ne mai zanen lambu da wani farin gida wanda ba a taɓa gina irinsa a unguwarmu ba, ni nake goge masa shi idan ya yamutse. Sai kujera mai hannu, da furen roba a gwangwanin madara da ya naɗe da takarda mai sheƙi, da kan tarho wanda ba a haɗa shi da komai ba, amma kowa ya shigo sai ya kara shi a kunne a ɗauke shi a haka. Akwai madubi, da mataji da ya ɗaure da zare saboda masu saurin hannu. Can ciki kuma ɗan ɗakin duhu inda yake wanke hotuna, warin maganin wankin ya kama rigunansa har ya zama warinsa. Lokacin ba a san waya mai ɗaukar hoto ba. Fim ake sawa a kyamara, kuma fim ɗin nan shi ne komai. In yana nan a wanke hoto ko sau nawa ne, in ya lalace shi ke nan.

Abin da ya bambanta Yaya da sauran masu hoto ya samo asali tun muna ƙanana. Wata rana yana wasa a bakin kwata, ba riga, wando ya zazzago, ciki a gaba kamar ya haɗiyi ƙwarya, sai wani baƙo mai kyamara ya tsaya ya ɗauke shi, ya miƙa masa alawa ya wuce. Ba wanda ya tambayi Babanmu, ba wanda ya tambayi Innarmu, balle shi mai cikin. Bayan wasu watanni sai ga Yaya manne a bangon kowane kemis, a takardar tallar maganin tsutsar ciki. Daga ranar sunansa ya koma Tsutsa. A makaranta Tsutsa, a filin ƙwallo Tsutsa, har ya fara gemu akwai waɗanda ba su san masa wani suna ba. Ni na sha dambe a kan sunan nan, na taɓa yaga wa wata kunne. Shi ko bai taɓa tankawa ba. Sai dai ya daina bin layin kemis, ko aiken gaggawa aka yi masa sai ya zagaya ta bayan kasuwa.

Da ya tashi koyon sana'a ya ce hoto zai koya, Innarmu ta riƙe baki. Ta ce, “Abin da ya ci maka mutunci shi za ka koya?” Ya ce, “Shi ya sa, Inna.” Iyakar bayanin da ya yi mata ke nan.

Da ya buɗe nasa wurin sai ya je gun mai tafireta aka buga masa wata takarda, ya sa aka yi masa ita da yawa. Babba idan ya zo ɗaukar hoto ba ruwansa da ita. Amma hoton yaro ba ya shiga gilashin ƙofa, ba ya shiga albam ɗin da ake nuna wa jama'a, sai an sa hannu a takardar nan. Abin da ke cikinta kaɗan ne, cewa mun yarda a nuna hoton ɗanmu, kuma ranar da muka fasa a cire. A ƙasa akwai gurbi uku, na uba, na uwa, da na shi yaron. Wanda bai iya rubutu ba sai Yaya ya ba shi biro ya ce ya zana abin da ransa ke so. Idan kuma iyaye suka ce ba sa son komai ya rage a hannunsa, a gabansu zai yaga hoton ya yanka fim ɗin, ba ya ajiye ko ƙyalle. Mutane suka yi ta tsokanarsa, wai Mai Hoto ya buɗe kotu, saura ya sayo guduma. Ni ma na sha ce masa yana wahalar da kansa a banza, yaro ɗan shekara biyar me ya sani da za a nemi izininsa? Sai ya ce shi ma shekararsa biyar a bakin kwatar nan, kuma da an tambaye shi ya san amsar da zai bayar.

A shekarar da nake ba da labari kasuwa ta yi masa sanyi, an buɗe wani babban gidan hoto mai fitilu a bakin titi, matasa duk sun koma can. Sai ya yanke shawarar neman aikin makarantu, ɗaukar hotunan ɗalibai a ƙarshen shekara. Shugabannin makaranta kuwa ba sa ba mutum aiki sai sun ga hannunsa, don haka ya sayi sabon albam mai baƙin bango ya fara tara hotunan yara masu kyau, kyauta yake ɗauka, ya ba iyaye nasu ɗaya. Albam ya kusa cika, amma shafin farko ya bar shi fayau. Ya ce bai samu hoton da ya isa ya buɗe masa ƙofa ba tukuna.

A bayan shagonmu akwai gidan wani direban babbar mota, mai dogon zango, wanda kan yi makonni ba ya gida. 'Yarsu ɗaya tal, 'yar kimanin shekara bakwai, mamanta kan aiko ta wurina da ɗinki. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, Yaya ya sa mata 'Yar Giɓi, sunan ya bi ta. Yarinyar nan surutu kamar an kunna rediyo. In ta kawo mini saƙo ba ta tafiya, sai ta sulale ɓangaren Yaya, ta haye kujera mai hannu, ta ɗauki tarhon nan da ba ya aiki ta kira babanta. Ta tambaye shi ina ya kai, ta gaya masa abin da aka dafa, ta kai ƙarar mamanta, har shiru take yi tana sauraron amsa. Ina sonta, ba na ɓoyewa, duk da ta ɓatar mini da allurai ba adadi.

Wata la'asar suka zo tare da mamanta karɓar ɗinki. Muna gwada riga, ita tana can tana wayarta, rana ta karkato ta shigo ta ƙofa ta sauka a gefen fuskarta. Sai na ji Yaya ya leƙo ta saman katako, murya ƙasa-ƙasa.

“Maman 'Yar Giɓi, in ɗauka?”

Ta ce, “Ɗauka mana, Mai Hoto, mene ne a ciki.”

Ya juya ya tambayi yarinyar ita ma. Ta ɗaga masa hannu wai ya yi haƙuri tana magana da Baba, amma ya ɗauka. Muna ji ta ce cikin tarhon, “Ba ɓera ba ne, Baba, da kansu suka fita,” sai ta tuntsire da dariya. A daidai nan kyamara ta yi ƙyas.

Da ya wanke ya kira ni in gani. Ni ba masaniyar hoto ba ce, amma na tsaya na daɗe ina kallo. Kai ka ce za ka ji dariyar. Yaya bai cika yabon aikinsa ba, amma ranar sai da ya yaba. Ya ce, “Auta, na samu shafin farko.”

Washegari uwar ta zo ta sa hannu a takarda ba musu. Aka ba 'Yar Giɓi biro, ta kwanta rub da ciki a ƙasa, ta fito da harshe ta giɓin nan, ta zana motar babanta. Tayoyi sun fi na kowace mota yawa, ga wani ƙaton kai ya leƙo ta taga. Gurbin uba ya rage, Direba yana hanya. Uwar ta ce a bar nasu hoton a shago har ya dawo, ta fi so su zo su karɓa tare ya ga abin mamaki. Na ce wa Yaya ya sa hoton a albam kawai, uwa ta yarda, 'ya ta yarda, ga shugabannin makarantu sun fara ba wasu aikin. Ya ce saura ɗaya. Na ja tsaki, ya yi kamar bai ji ba.

Direba ya dawo, amma kafin ya isa gida magana ta riga ta tare shi a tasha. Wani ɗan baƙin ciki ya ce masa ai an ɗauki hoton 'yarsa za a yi yawon talla da shi ofis-ofis. Ko wanka bai yi ba ya faɗo mana shago da rana tsaka, ido jawur saboda rashin barci.

“Mai Hoto, ashe haka muke da kai? Ina can ina fama da hanya, kana nan kana tara hoton 'yata?”

“Sannu da hanya, Direba. Zauna. Ba inda aka kai shi, kai ake jira. Ga takardar nan ka duba.”

Ko kallonta bai yi ba, ya ture ta gefe da bayan hannu. Ya ce, “Na ga abin da ake yi da hotunan 'ya'yan mutane. A bayan motoci na gani, a shagon aski na gani, 'yan iska suna nuna su da yatsa. Tawa ba za ta shiga ba.”

Yaya ya ce, “Gaskiyarka, ba za ta shiga ba. Magana ta ƙare. Amma ga naku na gida a ambulan, ka kai wa mamanta ta sa a akwati. Ka buɗe ka gani ma tukuna.”

“Ba na gani. Ba da izinina aka ɗauka ba, kuma ba na son ko ɗaya ya rage. Ba haka ka ce kana yi ba?”

Yaya ya yi masa magiya iyakar magiya, ya ce ya je ya huta ya ci abinci, in ya so gobe a yi duk yadda ya ce. Mutumin nan ya kafe. Ba mugu ba ne, ni shaida ce, yana son 'yar nan kamar ransa. Gajiya ce da zuga da kuma jin an yi abu a gidansa ba ya nan. Sai Yaya ya ɗauki ambulan ɗin ya yayyaga shi da hoton a ciki, ya ɗauko wanda ya tanada don albam ya kife shi ya yayyaga. Ya miƙo hannu ta saman katako ya ce in ara masa almakashi. Na ƙi. Ya zagayo da kansa ya ɗauka a kan keken ɗinkina, ya daddatsa fim ɗin gutsi-gutsi a kan tebur. Direba ya tattare komai a leda, ya juya zai fita.

Ni na san akwai sauran ɗaya. Hoton gwaji ne, wanda ya fara wankewa ya ɗan yi duhu, yana rataye a igiya a ɗakin duhu, bayan labule. Direba bai san da shi ba, ba kuma yadda za a yi ya sani. Na yi ta addu'a a zuciyata ya fita. Ƙafarsa ɗaya na waje sai na ji Yaya ya ce, “Dakata, Direba, saura ɗaya.”

Na doki katakon da ƙafa har furen roba ya faɗi. Bai ko waiwayo ba. Ya shiga ya ciro shi, ya ninke, ya yaga, ya zuba a ledar. Direba ya wuce da ita ya jefa a bolar bakin layi, inda ake ƙona shara.

Ranar na wanke Yaya tas. Na ce, “Wa ya aike ka? Wa ya gani? Uwar ba ta da haƙƙi ne? Mutum ya zo da zafin kai, gobe zai huce, kai kuma ka biye masa har da ƙari?” Ya tsaya yana share tebur da tafin hannu, ko da yake ba abin da ya rage a kai. Ya ce, “Ya ce kada ya rage, na ce masa to. Ni na san ya rage.” Na ce ya je ya ci gaskiyar tasa, kuma daga yau ya nemi mai goge masa labule. Na cika alkawari kuwa, ban sake taɓa shi ba.

Kwana biyu sai ga 'Yar Giɓi. Ta ce, “Kawu Mai Hoto, ina hotona?” Na ɗauka zai ce ya lalace a wanki, kamar yadda kowane mai hankali zai gaya wa yaro. Sai ya durƙusa ya ce mata Babanta bai yarda ba, don haka ya yaga. Ta taɓa giɓin da harshe. Ta ce, “Don ba ni da haƙora ne? In sun fito zai yarda?” Ya ce ba don haka ba ne, amma in sun fito sai su je su tambaye shi tare. Ta yarda da hakan, ta haye kujera ta ɗauki tarho.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kama ta. Kamar wasa, har mamanta ta zo ta karɓi ɗinki ta ce jikin da sauƙi. Bai cika mako ba yarinyar ta rasu. Direba yana can wata uwa duniya, kafin saƙo ya same shi ya juyo an riga an rufe ta. Haƙoran sun fara leƙowa ke nan.

Ba zan iya faɗin yadda layinmu ya yi ba. Yaya ya ɗauke tarhon ya sa a ƙarƙashin tebur. Ni in na ji takun yaro a bakin ƙofa sai gabana ya faɗi.

Bayan an share makoki da 'yan makonni uwar ta shigo, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ba wurina ta zo ba, ɓangaren Yaya ta wuce ta zauna a bakin benci. Suka gaisa, ya yi mata ƙarin haƙuri. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta yi magana.

“Mai Hoto, ban taɓa yi mata hoto ba sai wannan. Kullum ina cewa sai ta ƙara girma. An ce ku masu hoto ba kwa rasa ajiye ɗaya. Ba zan gaya masa ba, wallahi ba zai taɓa gani ba.”

Na tsayar da keke. Na san amsar, a gabana aka yi komai, amma wallahi ranar na roƙi Allah ya sa Yayana maƙaryaci ne. Na ce ko akwai wani da ban sani ba, ko ya yi mini wayo ni ma. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Babu, Maman 'Yar Giɓi. Ban bar komai ba.”

“Ko ɗan guntu?”

“Ko guntu.”

Ba ta yi kuka ba. Ta ce to, ta gode, ta tashi ta gyara mayafi ta fita. Yaya ya shiga ɗakin duhu ya ja labule, ba wani wankin da yake da shi ranar.

Daga nan ya shiga nema. Duk fina-finan da ya tara tun buɗe shago ya kwaso su, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken ƙofa da gilashin ƙara girma, ko yarinyar ta faɗo a gefen hoton wani taro. Ya bi gidajen maƙwabta yana roƙon su fito da albam ɗinsu. Ya je har babban gidan hoton bakin titi, wurin da bai taɓa takawa ba, ya cire girman kai ya tambaya. Abin da ya samu duka-duka hannu ne. A gefen hoton wani taron mata, ɗan ƙaramin hannu riƙe da bakin zanen wata, da awarwaron roba. Ya wanke shi da girma ya kai wa uwar. Ta gane awarwaron, ta karɓa da hannu biyu. Wani mai zane ma ya gwada, aka yi ta kwatanta masa, ya zano wata kyakkyawar yarinya wadda ba tamu ba ce.

Yaya ya ɗauko takardar nan mai zanen mota ya ce uwar ta tafi da ita, ita ma abin hannun 'yarta ce. Ta shafa zanen da yatsa ta mayar masa. Ta ce, “Bar ta a nan. Motarsa ce ta zana. Mutumin da ko sunanta ba ya iya faɗa, in ya ga wannan a gida ban san abin da zai yi wa kansa ba.” Direba kuwa tun rasuwar bai sake bin layinmu ba, ta bayan gidaje yake zagayawa ya fita titi.

Wata rana uwar ta sake zuwa ta ce abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ta ce, “Mai Hoto, fuskar tana guje mini. In na rufe ido muryar nake ji, fuskar sai ta ƙi tsayawa. Kai da ka wanke hoton, gaya mini yadda yake.” Yaya ya gyara zama ya fara. Ya ce tana zaune a karkace, ƙafa ɗaya a naɗe ƙarƙashinta, takalmin ɗayar ya zame yana lilo a babban yatsa. Tarho a kunnen hagu, ta riƙe shi da hannu biyu don ya yi mata nauyi. Kitso ɗaya ya warware ya tsaya a sama. Idon dama ya fi na hagu tsukewa saboda dariya, akwai ɗan tabo a ƙasan haɓa, rana ta haska kumatu ɗaya har ana ganin 'yan gashin gefen kunne. Uwar ta rufe ido tana gyaɗa kai. Da ya gama ta ce, “Ga ta nan.” Tun daga lokacin takan zo jefi-jefi, ba ta ma sai ta roƙa ba. Kullum yadda ya faɗa na farko haka yake maimaitawa, bai taɓa ƙara ko ɗigo don ya faranta mata ba.

Aikin makarantu ya samu kaɗan, ba yadda ya so ba. Yana yawo da albam ɗin shafin farko fayau, in an tambaya ko hoto ne ya faɗi sai ya ce ba a ba da izini ba. Takardarsa kuwa bai daina ba. Na taɓa tare shi na ce, “Yaya, tsakaninka da Allah, ba ka da-na-sani?” Ya ce kullum da shi yake kwana. Na ce to da za a maido ranar fa? Ya ce, “Zan sake fito masa da hoton gwajin.” Na jefe shi da tef ɗin awo na koma kan kekena ina kuka, don na san ba ƙarya yake ba, kuma ban san wanda zan ji wa haushi ba.

An fi shekara a haka. Wata la'asar ina yankan yadi inuwa ta tare mini ƙofa. Na ɗago sai na ga Direba, ya yi furfurar da ban san shi da ita ba. Ya gaishe ni a ladabce, ya leƙa ɓangaren Yaya ya yi sallama. Yaya ya nuna masa kujera mai hannu, ya ƙi, ya zauna a benci.

“An ce kana gaya wa mamanta yadda hoton yake.”

“Ina gaya mata.”

“Ni ban gani ba. Ka ce in buɗe na ƙi.” Ya goge fuska da hularsa. “Ban ga hoton ba, ban ga gawarta ba. Gaya mini, Mai Hoto.”

Yaya ya faɗa masa, tun daga takalmin da ke lilo har gashin gefen kunne. Direba yana kallon ƙasa, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Da aka zo kan dariyar sai ya ɗago.

“Da wa take magana a tarhon?”

“Da kai. Kullum da kai take magana. Ranar cewa take ba ɓera ba ne, da kansu suka fita.”

Mutumin nan ya yi wani sauti da ban san ko dariya ba ce ko kuka. Ya ce, “Ni na ce mata ɓera ne ya sace su. Da zan tafi na faɗa mata, ta bi ni har bakin mota tana musu.” Ya kife fuska a cikin hular, kafaɗunsa suna girgiza. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, mun bar shi ya yi.

Da ya natsu ya ce, “Takardar nan da ka miƙo mini ranar, tana nan?”

Yaya ya jawo aljihun tebur ya ɗauko ta ya shimfiɗa a gabansa. Direba ya ga sa hannun matarsa, ya ga motar mai tayoyi barkatai da ƙaton kan da ya leƙo ta taga. Ya ɗora yatsa a kan kan nan ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya ce a ba shi biro. Na so in ce me ya rage da za a sa wa hannu, amma karo ɗaya a rayuwata bakina ya mutu. Ya sa hannu a gurbin uba, a hankali, yana dannawa har biron ya kusa huda takardar.

“Na yarda,” in ji shi. “Ka sa ta a albam ɗinka. Ka nuna wa kowa.”

Yaya ya ce, “To, Direba.” Ya ɗauko albam mai baƙin bango ya buɗe shafin farko, ya ɗaga ledar da ke rufe shafin, ya kwantar da takardar a tsakiya, ya shafe ta da gefen hannu har ta zauna daidai. Suka tsaya su biyu suna kallon shafin. Direba ya tambaya ko zai iya zuwa wani lokaci ya sake gani, Yaya ya ce ko yaushe. Da ya fita, ta layinmu ya bi ya miƙe zuwa titi.

Bayan mun rufe ƙofa na zagaya na kwance labulen nan mai lambu da farin gida, na hura gawayi a dutsen guga. Ya daɗe a yamutse, sai da na yayyafa masa ruwa kafin ya miƙe.